Motar da ta Durƙusa wa Baba

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai, a gidan suna, har a bakin famfon unguwa, kowa sai ya tare ni da "Malama Kulu, yaya Dubai?" Wasu so suke in ce titin ma da zinari aka shafe shi, wasu kuma leƙen jakata suke yi ko na shigo da leshi. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Amma in faɗa tun yanzu, ni ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Baba na raka asibiti.

Babanmu masunci ne. A Yawuri aka haife shi, a kan ruwan Kwara ya yi ƙuruciya ya tsufa. Hawan jinin ido ya cinye masa idon hagu tuntuni, na daman kuma farar yana ce ta fara rufe shi. Idan rana ta take yana ganin abu dishi-dishi, da ta yi sanyi kuwa sai an riƙe masa hannu. Ƙanena Nasiru, wanda ke aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Dubai, ya daɗe yana roƙon a kawo shi a duba idon, Baba yana cewa shi ba inda za shi. Ranar da Nasiru ya ambata a waya cewa garin a bakin teku yake, ranar Baba ya ce a nemo masa fasfo.

Hanyar Yawuri zuwa Abuja ba sai na ba ku labarinta ba, kun san ramukan Kwantagora. Abin da ban sani ba shi ne Baba ya sa an cusa bandar kifi, tsarabar Nasiru, a tsakiyar akwatina, cikin kayan fita kunyata. Sai a filin jirgi da aka buɗe akwatin ƙamshin ya tashi, ma'aikaciyar ta dube ni, na dubi Baba, shi kuwa ko a jikinsa. Har muka je muka dawo, duk mayafin da na yafa ƙarnin tarwaɗa yake yi.

A Dubai jami'an shige da fice ba su cika tambaya ba. Wata na'ura ake nuna maka ka kalla, ta karanta ƙwayar idonka, ta san ko kai wane ne. Ni na kalla ta sallame ni. Baba ya kalla ta ƙi, ya ƙara ware ido ta sake ƙi. Jami'in, wani saurayi cikin farar jallabiya ƙal, ya leƙo ya ga yadda idon yake, sai ya taso da kansa ya zagayo, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya kai mu wani tebur aka ɗauki zanen yatsunsa. Na yi mamakin wannan ladabi, don ni a iyaka tsawa na saba ji. Muna tafe Baba ya ce min a hankali, "Uwata, kin ga har inji ya san idon nan ya tafi." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na yi masa dariya, amma jikina ya yi sanyi.

Nasiru da matarsa Rukayya a wata unguwa suke da ake kira Al Nahda, dab da iyakar Sharja, can ƙololuwar wani bene da in ka leƙa taga sai kanka ya juya. Baba ya tambaya a ina mutanen gidan suke taka ƙasa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne lif, na'urar hawa bene: mutum goma a tsaye kafaɗa da kafaɗa, babu mai ce wa wani sannu. Shi dai bai fasa ba, duk shigar da za mu yi sai ya yi sallama da ƙarfi ya tambayi kowa gajiya. Kafin mu baro garin, har wata 'yar Filifin da ke hawa na ƙasa da mu ta koyi cewa "lafiya lau."

Hausawan benen kuwa, da suka ji an kawo dattijo daga gida, sai suka yi ta zuwa gaisuwa: ma'aikatan jinya, ɗalibai, masu aikin banki, kowa ya tuɓe takalmi ya zube gaban Baba. Na lura kewar iyayensu ce suke saukewa a kansa, abin ya ba ni tausayi.

Wata safiya Nasiru ya kai mu kusa da ofishinsu a Port Saeed, inda wani rafin ruwan gishiri ya ratso cikin gari. Nan na saki baki. Manyan jiragen katako ne jere, kowanne ya fi gidanmu tsawo, ga kaya jibge a bakin ruwa, firji, tayoyi, buhunan shinkafa, babu mai gadi babu shinge, kuma ba wanda ya ko kalle su. Baba ya sa aka matsa da shi jikin wani jirgi, ya shafa katakon da tafin hannu ya daɗe, yana tambayar wace irin bishiya ce ta haifi wannan. Da Nasiru ya ce masa to ga teku nan, sai ya girgiza kai. Ya ce wannan kogi ne, ga inuwar gidaje can a tsallake yana hange. Shi ruwan da aka ce masa ba shi da tsallake yake son gani.

Likitar idon, wata Ba'indiya mai sanyin murya, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce za a iya cire yanar, amma jijiyar da ke bayanta ta yi rauni ƙwarai. Ko dai gani ya ƙaru, ko kuma ɗan wanda ya rage ya tafi gaba ɗaya, in kuma aka bar shi haka ma tafiya zai yi. Nasiru ya so ya rage wa zancen kaifi wajen fassara, na harare shi na ce ya faɗa yadda aka faɗa. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To kafin a taɓa idon nan, a kai shi ya ga teku. Ba daga gaɓa ba, daga cikin jirgi, yadda masunci yake ganin ruwa."

An sa aikin idon safiyar Litinin. Wani Balarabe abokin aikin Nasiru, Abu Rashid, yana da jirgin shan iska mai inji, kuma ranar Lahadi kaɗai yake da sarari. Ya ce zai jira mu a mashigar jirage can wajen Jumaira, mu dai mu jawo jirgin daga wani filin ajiya a Al Ƙusais, don motarsa ta jan kaya tana hannun ɗan'uwansa. Jirgin a kan tirela yake, wato wani dogon keken ƙarfe mai tayoyi, mai dogon wuya da ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota. Nasiru yana da wata ƙatuwar jif da yake ji da ita, da ƙugiyarta ya saye ta, amma ko akuya bai taɓa ja da ita ba. Ya bugi ƙirji ya ce motarsa ko gida aka ɗaura mata za ta ja.

Ranar Lahadi tun da hantsi aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Labari ya zaga benen cewa za a kai Baba teku, kuma gobe za a shiga da shi aiki. Wannan ta aiko kular tuwo da miyar kuka, waccan waina, wata dambu, wata shinkafa da kaji, ga jarkokin zoɓo da kunun aya, ga katan-katan na ruwa, har da mai aiko da buhun gawayi wai ko za mu gasa kifi. Mu huɗu ne fa kacal, amma abincin ya isa walimar aure. Kowace kula da saƙonta: a ba baƙonmu, Allah ya ba shi lafiya. Muka cika but ɗin jif har rufi, sauran muka riƙe a cinya, da muka isa filin ajiya muka jibge su a goshin jirgin, inda anka, ƙarfen tsayar da jirgi a ruwa, da jarkokin mai suke.

Ana sauke wuyan tirelar a kan ƙugiya, sai motar ta yi ƙasa. Bayanta ya nutse har ya kusa rufe tayoyi, hancinta ya ɗaga sama, sarƙoƙin tirelar suka kwanta a ƙasa. Baba ya laluba ya sa hannu tsakanin taya da jikin motar, yatsunsa da ƙyar suka shiga.

Ya ce, "Nasiru, motar nan taka tana da tarbiyya. Ka ga ta durƙusa tana gaishe ni."

Nasiru bai yi dariya ba. Ya zagaya filin da ita ya dawo yana zufa, ya ce sitiyarin ya yi sakayau, kamar tayoyin gaba ba sa kama ƙasa. A nan ne ni Malama Kulu, mai koyar da lissafi, na tsoma baki. Na ce ai wannan abu ne mai sauƙi, kowa ya ga amalanke a kasuwar Yawuri ya san in aka tura kaya baya, hannun sai ya ɗaga. Muka kwashe kulolin goshin jirgi da rabin na but, muka mayar can ƙarshen jirgin kusa da inji. Motar kuwa ta miƙe tsaf. Na dubi Nasiru na ce duk digirinsa bai kai amalanke ba.

A ƙananan tituna lafiya lau muka tafi, ina ta cika baki. Muna hawa babban titi, mai layi-layi da ban iya ƙirgawa ba, Nasiru ya ɗan taka, wata babbar mota ta wuce mu da iskarta, sai na ji an fizgi bayan motarmu. Na waiga na ga jirgin ya yi dama, ya dawo hagu, ya sake yin dama fiye da na farko, yana jan mu tare da shi. Rukayya ta riƙe hannuna tana salati, motoci suna ta watsewa daga gefenmu. Allah ya taimaka Nasiru bai danna birki da ƙarfi ba, ya ɗage ƙafa daga mai ya riƙe sitiyari cak, har kaɗawar ta lafa muka gangara gefe.

Da rarrafe muka koma Al Ƙusais, garejin wani bakanike da Nasiru ya sani a masallacin Juma'a. Sunansa Malam Isaka, mutumin zangon Kumasi ne. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" ya yi ta ce min. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya zagaya motar da jirgin, ya leƙa ya ga kuloli a ƙarshen jirgi, ya kama haɓa.

"Wane ne ya sa kaya nan a baya?"

Na ce ni ce.

"Ei, Hajiya. Allah ya so ku paa, sosai. Wuyan tirela in ya yi nauyi da yawa, mota ya zauna. In ya rasa nauyi, wutsiya ya yi rawa. Na farko yana ɓata mota, na biyu yana kashe mutum."

Ya yi mana bayani yana aiki. Ya ce wuyan dole ya danna ƙugiya, amma da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jirgi da tirela, ko ƙasa da haka kaɗan. Ya kawo sikeli ya tara a ƙarƙashin wuyan, ya sa aka dawo da kaya masu nauyi tsakiyar jirgin, daidai kan tayoyin tirela, ana matsawa yana duba allura. Ya auna tsayin motar gaba da baya da tef, ya ce ƙugiyar ma ta yi ƙasa, za a ɗaga ta tirelar ta kwanta daidai. Sannan ya fito da wasu jakunkunan roba guda biyu masu kauri, ya ce za a cusa su cikin sifirin ɗin baya, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tallafe motar a kan tayoyi, a hura musu iska su tallafa, irin waɗanda masu jan kaya zuwa sahara suke sawa. Nasiru ya tambaya ko zai daɗe, ya ce, "Shwayya shwayya, habibi, sannu-sannu. Aikin taya ba a yi da gudu."

Aka ba Baba kujera a inuwa. Ni kuwa idona yana kan rana. Azahar ta wuce, inuwar garejin ta fara miƙewa zuwa titi, kuma na san in ta yi sanyi, ko mun kai shi tsakiyar teku duhu kawai zai gani, gobe kuma wuƙa. Na ga yana ɗaga tafin hannunsa gaban fuska yana juyawa, yana gwada abin da ya rage masa na yinin. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan lokaci ba.

Da aka gama sa jakunkunan, Malam Isaka ya buɗe but ya tsaya. Ya ce iska tana ɗaga mota ne kawai, ba ta rage mata kaya, abin da ya fi ƙarfinta ya fi ƙarfinta. Mutum huɗu, da wuyan tirela, da wannan kasuwar, ba zai yiwu ba, jirgin ma ya ɗauki iyakarsa. Dole a sauke fiye da rabi.

Nan aka tsaya cirko-cirko. Rukayya, wadda ba ta ɗaga murya gaban surukinta, ta ce min a kunne ita ba za ta iya mayar wa mutane abincinsu ba, da wane ido za ta kalle su a lif? A bar shi a gareji ya lalace kuma, wannan ya fi muni. Nasiru ya ce a kira tasi ta kai gida, na ce a kai gidan wa, a ce musu me? Mun kusa mutuwa a titi saboda tuwo, amma ga mu mun kasa rabuwa da shi. Baba yana jin mu, sai ya tambayi Malam Isaka mutanen da yake jin muryoyinsu a garejin 'yan ina ne. Ya ce akwai 'yan Pakistan, da 'yan Bangaladash, da ɗan Sudan, da ɗan Filifin, da su 'yan Gana.

"Akwai ɗan garin nan a cikinsu?"

"Babu ko ɗaya, Baba."

"To ai abincin baƙo aka ce. A shimfiɗa musu."

Aka baje kwalaye a ƙasa, aka buɗe kuloli, har na garejin maƙwabta suka zo. Na ga ɗan Pakistan yana yankar tuwo da cokali yana kallon miyar kuka da shakka, can kuma na ga ya ajiye cokalin ya sa hannu. Malam Isaka ya ɗauki waina ɗaya ya tsaya yana kallonta, ya ce rabonsa da ita tun ta hannun tsohuwarsa. Da suka ji gobe za a yi wa Baba aiki, kowa ya yi masa addu'a da harshensa. Mu dai ba mu tsaya ci ba. Aka maƙala tirela, aka hura iska, Malam Isaka ya sake aunawa, motar ta tsaya daidai gaba da baya, ya daki jikinta ya ce, "Khalas, an gama. Yalla, ku tafi ku bi rana."

Wannan karon jirgin bin mu ya yi salin-alin, ko da manyan motoci suka wuce bai motsa ba har muka isa. Abu Rashid yana tsaye a bakin ruwa, ya sumbaci goshin Baba, ya karɓi sitiyari ya gangara da tirelar da baya har jirgin ya taso kan ruwa. Muka miƙa hannu za mu tallafi Baba, ya ture mu. Mutumin da sai an riƙe shi yake hawa matakala, shi ne ya sa ƙafa ɗaya a jirgi ya shige ya zauna daram.

La'asar ta yi amma ranar da sauran ƙarfinta. Muka fita daga mashigar, dogayen benayen nan da suka cika min ido suka yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har suka koma kamar haƙoran matsefi. Ruwan kore ne da fari, can ya koma shuɗi mai duhu, yana ɗaga mu yana saukewa a hankali. Ni da na tashi a bakin Kwara na ɗauka na san ruwa, ranar na ji tsoron Allah ya kama ni. Baba ya sa hannu ya ɗebo ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce mai miyar nan hannunta ya zarce da gishiri. Sannan ya ce a kashe inji.

Ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba. Ya kare idon da tafin hannu, ya juya a hankali, ya daɗe yana duban gaba, ruwa yana dukan jikin jirgi.

"Uwata, wancan layin da nake gani, gaɓa ce?"

Na ce, "Ba gaɓa ba ce, Baba. Nan ne ruwa ya haɗu da sama."

"Bayansa fa?"

"Ruwa ne."

Ya yi tasbihi a hankali, hawaye yana bin gemunsa, ni ma na kasa riƙe nawa. Bai zauna ba sai da ranar ta yi ja, ya ce layin ya ɓace masa, a juya.

An yi aikin washegari. Likitar ta yi iya ƙoƙarinta, amma jijiyar ba ta ɗauka ba. Da aka cire bandeji, haske da duhu kawai yake bambancewa, har yau kuma haka yake. Na yi kuka a barandar asibitin har Rukayya ta rasa yadda za ta yi da ni. Shi kuwa ko sau ɗaya ban ji ya yi ƙorafi ba.

Yanzu yana zaune a zaurensa a Yawuri, mutane suna zuwa yi masa jaje, shi kuma yana mayar da zaman hira. Ranar da na je duba shi na tarar da Malam Ɗanjuma, abokinsa da suka yi su tare tun suna samari, yana musa masa, wai duk faɗin ruwa dole yana da gaɓa, an dai yi wa makaho wayo ne. Baba ya juya fuskarsa inda muryar take.

Ya ce, "Kai da kake da ido biyu, je ka duba."